Naman Gidan Ogushi

Litinin, 23 ga Yuni, ƙarfe biyar na yamma

An ƙwace mini ɗaki. Da wannan zan fara, domin shi kaɗai ne abin da aka yarda in yi fushi a kansa a gidan nan.

Yaya Fumika ta dawo shekaranjiya, da jaka ɗaya da cikinta a gaba. Mama tana gaya wa maƙwabta wai goyon ciki ta zo, kamar kowace mai cikin fari, mijinta kuma aiki ya riƙe shi a Nagoya. To, ana zuwa goyon ciki, ban musa ba. Amma sai haihuwa ta matso ake zuwa, kuma miji ne ke kawo mace a mota, ya shigo ya rusuna wa uwarta, ya ajiye tsaraba. Cikin Yaya wata bakwai ne, kuma daga motar haya ta sauko ita kaɗai, ana tsuga ruwa, ba ko lema.

Ba ko lema! Ita da aka aura a ƙarƙashin lema.

Ba zan rubuta sunansa a nan ba. Mai Lema ya ishe shi. Ranar da na fara ganinsa ina 'yar shekara goma sha uku, ya rako Yaya daga tashar jirgin ƙasa, ya karkata baƙar lemarsa duk ta koma kanta, kafaɗarsa ta jiƙe sharkaf. Na leƙa ta taga na ce a raina, ashe na cikin littafi suna fitowa waje. Daga baya Yaya ta ɗaura wa mariƙin lemar jan zare don kada ta ɓata a tasha. Har wannan ma sai da ya hana ni barci don daɗi.

Yanzu a falo nake kwana, kusa da teburin hoton marigayi Baba, littattafaina a kwali.

Ba ruwana.

Talata, 24 ga Yuni, da safe

Wayarta a kife take a kan tebur tun da ta zo. Ba ta yi ƙara ba. Ba ruwana.

Alhamis, 26 ga Yuni, kafin in tafi makaranta

Na gano abin da Yaya ke ci, kuma bai yi wuyar ganowa ba. Tsiron wake.

Ta ce ba za ta zame wa Mama kaya ba, tun da an rage wa Mama kwanakin aiki a kamfanin kifi, don haka cefanenta daban. Ta ware wa kanta lungu guda a firji. A lungun akwai tsiron wake, wanda babu abin da ya kai shi araha a kanti, da burodin jiya mai tambarin ragi, da gorar shayin sha'ir. A saman firji kuma taliyar kofi, irin wadda ake zuba wa ruwan zafi. Shi ke nan. Abincin mutum biyu ke nan.

Jiya Mama ta gasa kifi, ta raba nata biyu ta tura wa Yaya. Yaya ta sa tsinken cin abinci ta turo mata. Mama ta sake turawa. "Ci mana." "A'a Mama, na ƙoshi." "Ɗan wannan dai." "Ke kika yi aiki, ke za ki ci." Suka yi ta yi cikin ladabi har kifin ya huce. Yau da safe na tarar da shi a kwanon abincina na makaranta. Ni da ba ni da ciki, ba ni da aiki.

Kowace safiya kuma ina jin tana hawa sikelin banɗaki. Wai a asibitin da ta riƙa awo a Sendai kafin ta dawo sun taɓa yi mata faɗa don ta yi saurin ƙara nauyi. Surukarta ma ta ce matan gidansu ba sa sakin jiki: a haife shi ƙarami, a raine shi ya girma. Yaya tana faɗin maganar nan kamar haddar makaranta.

Na ce mata, to shi yaron an tambaye shi?

A raina na faɗa. Kullum a raina nake faɗa. A fili cewa na yi, "Miƙo min gishiri."

Asabar, 28 ga Yuni, ƙarfe huɗu na yamma

Bari in bi a hankali.

Na raka Yaya awo. Ungozomar sunanta Malama Kasai, gajeruwa ce mai murya kamar ta mai tallan kifi. Ta daɗe tana kallon hoton ciki a allo, sannan ta juyo.

"Fumika, wa kike ɓoye wa yaron nan? Da ƙyar na same shi."

Ta ja fatar idon Yaya ƙasa ta duba. "Dubi nan. Fari fat kamar awara. Jini ya yi ƙasa, yaro kuma bai kai inda ya kamata ya kai ba. Me kike ci?"

Yaya ta ce, "Ganye dai haka."

"Ganye? Ke akuya ce?"

Na kusa yin dariya. Yaya ba ta yi ba.

Sai ta sassauta murya ta ce ba don gulma ba, kamar nawa take kashewa a abinci a wata? Yaya ta faɗa. Malama Kasai ta ajiye biro.

"Da wannan kuɗin ai ni da mijina da karenmu muke ci, har kare ya fara tumbi. To ina yake shiga?"

Yaya ta kalli takalminta.

Aka ba ta ƙwayar ƙarin jini. Malama Kasai ta riƙa lanƙwasa yatsu: kifi, ƙwai, hanta, alayyahu, awara, jan nama in an samu. Ta ce ba mai tsada take nufi ba, mai amfani take nufi. Ta ce zancen a haife shi ƙarami tsohon zance ne, kuma masu faɗinsa ba su ne ke tsayawa a bakin kwalbar jarirai ba. Ta ce idan muka dawo nan da mako biyu yaron bai motsa ba, babban asibiti za a tura Yaya, su riƙe ta har ta haihu, kuma ba mamaki a ciro shi kafin lokaci.

Na ɗauka daga nan kasuwar kifi za mu nufa. Har na fara jin daɗi, wawuya.

Babban kanti muka shiga, muka hau bene, wurin kayan gaisuwar tsakiyar shekara, wato kyautar da ake aika wa na gaba don girmamawa. Lokacinta ya yi, ko'ina kwalaye ne masu farar takarda da jan kirtani. Yaya ta miƙe tsaye kamar ba ita ce ta riƙe hannuna a matakala ba. Ta zaɓi kwalin alewa na mata da mijin da suka tsaya musu a aure. Ta zaɓi kwalin man girki na ubangidan Mai Lema a wurin aiki. Sannan ta tsaya a gaban gilashin nama.

"Watan jiya inabi na aika wa surukata, Mama ta Ogushi," in ji ta, "na wancan watan ganyen shayi. Ba zan maimaita ba."

Ashe kowane wata ne!

Ta nuna wani naman sa, yanka-yanka sirara, kitse ya ratsa shi kamar an yi masa zane, a cikin akwatin katako. Ba zan rubuta kuɗinsa ba. Cefanen gidanmu ne na rabin wata. Ta biya, za a karɓa Asabar mai zuwa. Mai kantin ta rusuna, Yaya ta rusuna, ni ma na rusuna, kamar an yi abin kirki.

Sannan muka sauko ƙasa ta sayi tsiron wake.

Ba ƙarya ta yi wa Malama Kasai ba. Abinci take saye. Bakin wasu dai yake shiga.

Litinin, 30 ga Yuni, da yamma

Na tare Mama a kicin tana cire safar aiki. Na ce, "Mama, ki hana ta." Wannan a fili na faɗa, amma a hankali.

"Auta, akwai abin da ba ki sani ba."

"To a gaya mini."

"Wanke shinkafa."

Na wanke har ta kusa narkewa. Can sai Mama ta ce, ba tare da ta kalle ni ba, gaisuwa ƙofa ce. Muddin ana aikawa, ƙofa a buɗe take. Wanda ya fara dainawa shi ya rufe, kuma shi za a nuna da yatsa. Ta ce ba za a ce 'yar da ta raina ita kaɗai ba ta san ya-kamata ba.

Su kuma me suka aiko? Wannan a raina.

Littafin da nake karantawa yanzu na wani mai gadin fitilar teku ne. Ya tafi bai yi sallama ba, yarinyar ta daina cin abinci, marubuciyar ta ce ta rame sai ta ƙara kyau, kamar farin wata. Da can har layi nake ja a ƙarƙashin irin wannan. Ƙarya ne! Na ga rama da idona. Leɓe ne ke tsagewa, gashi ya riƙa zuba a banɗaki, mutum ya yi fushi don an ajiye cokali da ƙarfi. Babu wani farin wata.

Na jefa littafin bayan kwali.

Talata, 1 ga Yuli, da safe

Na ɗauko shi. Ina so in ga ko zai dawo.

Laraba, 2 ga Yuli, ƙarfe shida na yamma

Daga makaranta na biya rumfar Goggo Tsune mai kifi. Ba goggona ba ce, duk unguwa haka ake kiranta, kuma duk unguwa tsoron bakinta ake yi. Tun daga nesa ta ɗaga murya.

"Amaryar littafi! Yau wane saurayi ne ya mutu, a shafi na nawa?"

Masu saye suka juyo. Na ji kunnuwana sun ɗau zafi.

"Ɗago kai mana, 'yar nan, kifin ba ya cizo, tun asuba ya mutu. Ina yayarki? Na hango ta jiya, kamar an ɗaura kabewa a jikin sanda. Garin kifi guda, a ce mai ciki tana yawo haka? Ku ji kunya!"

Na nuna ƙananan kifin da ke gefe. Ta ɗebo ta ƙara, ta sake ƙarawa. Ta ce, "Kin ga wannan? Bai kai kuɗin taliyar kofi biyu ba. A dafa da citta har ƙaya ta yi laushi, a cinye duka. Da shi na haifi huɗu, kowanne kamar buhun shinkafa."

Da kuɗin da nake tarawa na littafi na saya. Na dafa yadda ta ce. Gida ya ɗau ƙamshi. Na kai wa Yaya har ɗaki, wato ɗakina.

Ta kalli kwanon, ta kalle ni. "Da kuɗin wa?"

Na ajiye kwanon a gabanta.

"Na littattafanki ne ko? Har na kai in ci kuɗin ƙanwata? Kozue, ɗauke."

Ban ɗauke ba. Ta juya ta fuskanci bango. Kafaɗarta tana motsi.

Kuɗin ƙanwa haramun ne, amma ita ta ba ƙattai masu gidan bene nama halal ne. Ba ruwana. Ba ruwana. Ba ruwana.

Juma'a, 4 ga Yuli, da safe

Na same ta zaune a ƙasa a bakin banɗaki, kusa da sikeli. Ta ce hutawa take yi. Ta ce kada in gaya wa Mama.

Asabar, 5 ga Yuli, ƙarfe uku na rana

An karɓo naman. Yana firji, a tsakiya, ya ture komai gefe kamar baƙon da ya fi ƙarfin gida.

Gaisuwar surukai ba a ba ɗan aike, da hannu ake kaiwa. Yaya ba za ta iya shiga jirgi ba, Mama tana aiki gobe. Saura wa? Ni. Ni da ko malamin lissafi ba na iya gaisarwa sai na yi tuntuɓe.

Yaya ta sa na yi gwaji a falo. Yadda zan kwance shuɗin ƙyallen da aka naɗe akwatin, in juya shi rubutun ya fuskanci mai gida, in miƙa da hannu biyu. "Rusuna. Ƙara. Ba kamar mai neman allura ba, Kozue, bayanki a miƙe." Sai in ce, ɗan abu ne marar daɗi, a yi haƙuri a karɓa.

Ɗan abu marar daɗi!

Na tambaye ta, in suka tambayi lafiyarki fa? Ta ce in ce lafiya lau. In suka tambayi yaro? Ta ce, "Za su tambaya."

Lahadi, 6 ga Yuli, bayan cin abincin yamma

Ban san ta inda zan fara ba. Na yi abin da ba a yi.

Ruwa ake yi tun safe. Na shiga jirgi da akwatin a cinyata, ƙanƙara tana ɗiga a siket ɗina. Duk hanya ina maimaita, ɗan abu ne marar daɗi, ɗan abu ne marar daɗi, har wata tsohuwa ta matsa daga kusa da ni.

Gidan Ogushi, iyayen Mai Lema, yana kan tudu, da bishiyoyin da aka yi wa aski. Surukar Yaya ce ta buɗe. Ba ta ce in hau ciki ba, a wurin cire takalma muka tsaya. Na kwance ƙyalle, na juya akwati, na rusuna, na faɗi abin da aka koya mini. Ban yi tuntuɓe ba ko sau ɗaya.

"Ayya, Fumika ba ta gajiya," in ji ta. "Nama ne? Kash, likita ya hana maigida jan nama. Ba komai, ajiye shi can, sai in miƙa wa mai yi mana askin bishiya."

Can ɗin da ta nuna, kwalaye ne jibge har sun kai ƙuguna, ba a ko kwance kirtaninsu ba. Na ajiye namu a sama.

"Tana dai kula da jikinta ko? Kada zaman gida ya sa ta saki baki. Mu a gidan nan, a haife shi ƙarami..."

Ba ta tambayi yaron ba. Na jira. Na ba ta lokaci, na rantse na ba ta lokaci.

Da na sunkuya zan ɗauki ƙyallena, sai idona ya faɗa kan tukunyar ajiye lema a bayan ƙofa. Akwai lema a ciki, baƙa. Da jan zare a mariƙi. Ruwa yana ɗiga daga bakinta, ya yi ɗan tafki a ƙasa.

Nagoya!

Daga can cikin gida ana jin talabijin, ana wasan ƙwallo, wani ya yi dariya. Na san dariyar. Ba zan ƙara komai a kan wannan ba.

Ban yi shawara da kaina ba. Hannuna ne kawai ya tafi. Na ɗauki akwatin daga kan kwalayen, na shimfiɗa ƙyalle a ƙasa, na naɗe shi tsaf yadda Yaya ta naɗe, na ƙulla. Matar tana tsaye baki buɗe.

"Ke, 'yar nan, me kike yi?"

Na ce, "Tun da likita ya hana, akwai wanda likita ya ce ya ci."

A fili! Muryata ta fito siririya kamar ta ɓera, amma a fili. Na rusuna, bayana a miƙe. Na fita. Na manta tawa lemar a can, ban koma ba. Da na kai tasha na zauna a benci ina rawar sanyi, akwatin a ƙirjina.

Da na iso gida Mama ba ta dawo ba, Yaya tana barci. Na san in na tsaya tunani za a sake tura ni gobe da ban haƙuri. Na yage farar takardar. Wanda aka yage ba ya komawa. Na fito da tukunyar ƙarfen da ba mu taɓa ba tun rasuwar Baba, na zuba albasa da awara da alayyahu, na jera naman. Har tsiron wakenta na zuba, duka, don in huta da ganinsa.

Ƙamshin ne ya tashe ta. Ta tsaya a ƙofar kicin, ta ga akwatin katako a buɗe.

"Kozue. Me kika yi?"

Na ci gaba da juya nama.

"Kin san abin da kika yi kuwa? Kin kai, kin dawo da shi? A gabanta? Ke mahaukaciya ce? An taɓa yin haka a duniya? Kin kashe ni! Kin kashe Mama!"

Ba ta taɓa yi mini tsawa irin wannan ba. Na ce, "Lemar tana can, Yaya. A jiƙe."

Tukunya tana ta tafasa.

Ta ja kujera ta zauna a hankali. Ta ce, "Na sani."

"Kin sani?"

"Tun kafin in taho." Ta ɗora hannu a cikinta. "Ba don shi nake aikawa ba. Don wannan ne. Wata rana zai tambayi gidan ubansa, ina so ya sami ƙofar da zai ƙwanƙwasa."

Na ce, "To sai ya yi ƙarfin ƙwanƙwasawa tukuna."

A nan Mama ta shigo, da warin kifi da jiƙaƙƙen gashi. Ta kalli tukunya, ta kalli akwati, ta kalle mu. Na jira mari. Ba ta taɓa marina ba, amma na jira. Sai ta wanke hannu, ta fito da kwano uku, ta zuba shinkafa, ta kai wa hoton Baba tasa 'yar loma kamar kullum, ta zauna.

"An riga an dafa," in ji ta. "Zubar da abinci ba kyau."

Yaya ta ci tana kuka. Yanka ɗaya, sannan biyu, sannan na daina kallo don kada ta tsaya. Ni ban ji ɗanɗanon komai ba. Naman rabin wata, kuma ban san yadda yake a baki ba.

Ba ta yi mini magana ba har yanzu.

Litinin, 7 ga Yuli, ƙarfe bakwai na yamma

Wayar gida ta yi ƙara muna wanke-wanke. Duk mun san ko wace ce. Mama ta goge hannu ta ɗauka.

Mama in tana waya rusunawa take yi, ko da mai kawo gas ne. Ta fara kamar kullum. "E. E. Haka ne. Yarinya ce. E." Muryar matar tana fitowa kamar sauro a kwalba. Ta daɗe tana yi. Ina kallon bayan Mama yana ƙara lanƙwasa, na ji kamar in shige ƙarƙashin tebur.

Can sai na ga bayan ya tsaya. Ya fara miƙewa.

"A'a, ba za a sake aiko da wani ba," in ji Mama. "Ai gaisuwar ta isa inda aka aike ta. Jikanku ne ya ci. Ya gode."

Ta ajiye wayar a hankali, kamar ƙwai. Ta dawo ta ɗauki soso. Ta wanke kwano ɗaya har sau uku.

Yaya tana bakin ƙofa. Ban san tun yaushe ba.

Talata, 8 ga Yuli, da safe

Ban ji ƙarar sikeli ba. Har yanzu ba ta kula ni.

Alhamis, 10 ga Yuli, da yamma

Labari ya riga ni zuwa rumfar Goggo Tsune. Yadda aka yi ya tsallako gari guda, oho.

"Ga ta nan! Ku buɗe hanya! An ba kura ajiyar nama!" Ta yi dariya har da riƙe ciki. "Shekara hamsin ina aika wa dangin mijina gaisuwa, ban taɓa tunanin ana iya ɗaukowa ba. Ina kike tun ina amarya?"

Na sunkuyar da kai. Sai ta ce, "Ba sai kin saya ba yau. Yayarki ta riga ki. Ta zo da safe da ƙafarta, har tana yi mini ciniki, marar kunya."

A firji lungun Yaya ya ɓace. An haɗe komai wuri guda. Kifi, ƙwai, hanta a leda, alayyahu dami biyu.

Da daddare za a ci abinci ta ce, "Miƙo min gishiri." Da ni take. Na miƙa.

Asabar, 12 ga Yuli, da rana

Bai motsa ba. Ko kaɗan ɗin da ya yi, Malama Kasai ta ce bai isa a yi guɗa ba.

Na ji kamar in fasa allon. Duk abin nan da aka yi! A littafi da tuni an kai shafin ƙarshe.

Ta ce, "Mako ɗaya kuka yi kuna ci, kuna so ya fito da gemu?" Ta sake jan idon Yaya, ta sa ta hau sikeli, ta tambaye ta abin da ta ci jiya. Yaya ta lissafa. Malama Kasai ta daɗe tana taɓa biro a haƙori. Ta ce ba za ta tura ta babban asibiti yau ba, amma kowace Asabar tana son ganinta, kuma in ta sake jin kalmar ganye za ta zo gidanmu da kanta da tukunya.

Laraba, 16 ga Yuli, da yamma

Matar da ta tsaya musu a aure ta ga Mama a kanti, ta juya ta shiga layin sabulu. Mama ta ce ba ta lura ba. Ta lura.

Wayar Yaya ta yi ƙara sau ɗaya jiya. Ta kalla, ta bar ta ta gama, ta ci gaba da ɓare ƙwai.

Na gama littafin. Ya dawo, da furanni, ta yafe masa. Tir.

Asabar, 26 ga Yuli, ƙarfe biyar na yamma

Damina ta ɗauke, zafi ya sauko.

Malama Kasai ta kalli allo ta ce, "Yauwa, ga mutumin. Yau ban sha wahalar nemansa ba." Har yanzu ƙarami ne. Ta ce watakila ƙarami zai fito, ba a rama wata bakwai a mako uku. Amma yana hawa, kuma a gida Yaya za ta jira shi.

A hanyar dawowa muka wuce ta gaban babban kanti. Sun fara sauke kwalayen. Yaya ta tsaya tana kallo.

"Akwai ta ƙarshen shekara fa," in ji ta. "Watan sha biyu."

Na ja hannunta mu wuce.

"Ke zan aika."

Na ɗago. Bakinta yana rawa, dariya take dannewa.

"In dai ke ce ɗan aiken, gara in zaɓi abin da nake marmari."

Muka yi ta dariya a bakin titi kamar marasa tarbiyya, har ta riƙe sandar fitila. Sai ta ce wash, ta kamo hannuna ta ɗora a gefen cikinta. Na ji shi. Ba motsin nan na da ba mai kamar kifi a leda. Duka ne sosai, sau biyu, a tsakiyar tafina.

"Kin ji?" in ji Yaya. "Ya fara ƙwanƙwasawa."

Ɗakina dai har yanzu ba a ba ni ba.